Karen da Bai Taɓa Taka Ƙasa ba

Garinmu Borgofosco ƙarami ne, amma Allah bai hana mu manyan mutane ba. Ya ba mu guda ɗaya, kuma ya ishe mu. Sunansa Ermete Bonvicini, tsohon shugaban gidan waya, mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana mulkin ma'aikata biyu da keke ɗaya ba a taɓa yi masa juyin mulki ba. A bakin aiki ya samu laƙabin Sarkin Kan Sarki, don in ka kawo wasiƙa ka liƙa kan sarki a karkace, sai ya cire tabarau ya yi maka wa'azi har layi ya kai bakin titi. Da ya yi ritaya mun ɗauka mun huta. Ashe yanzu ne ya samu lokacinmu sosai.

Mutum irin wannan ba ya zama babu kujera. Ko wata shida bai yi a gida ba ya kafa Ƙungiyar Raya Martabar Karen Bolonya, ya shirya zaɓe a ɗakin cin abincinsa, ya lashe babu hamayya. Membobi uku ne: shi, da matarsa Nives wadda ba ta san an rubuta sunanta ba sai bayan shekara, da Gualtiero mai shagon kofi, wanda ya sa hannu don a bar shi ya koma kan injinsa. Sannan ya sa aka ɗinka masa maɗaurin kafaɗa na jan karammiski, faɗinsa taƙi biyu, aka rubuta Shugaba a jiki da zaren zinare. Ko burodi zai saya sai ya rataya.

Karen da aka yi duk wannan hidima dominsa, ɗan irin ƙananan karnukan da ake kira Bolonya, bai wuce kilo uku da rabi ba. Fari ne fat, gashi buzu-buzu, kamar an tsinko auduga an sa mata baƙaƙen idanu biyu da hanci. A takarda sunansa Baron Astolfo na Uku. Ina na ɗaya da na biyu suke, oho. Nives kuwa Pallino take kiransa, kuma wannan sunan kaɗai yake amsawa. Irinsu ba su da hayaniya, ba su da faɗa, ba sa zubar da gashi a kujera. Abu ɗaya ne ba sa jurewa, a bar su su kaɗai. Sukan zaɓi mutum ɗaya a gida su liƙe masa: in ya shiga kicin suna gindinsa, in ya shiga bayi suna bakin ƙofa. Ermete ya sha bayyana wa jama'a wannan hali yana dafa ƙirji. Bai taɓa lura da wanda ake jira a ƙofar bayin ba.

Kowace yamma, in gari ya fito zagayen dandali, sai ga Shugaba tafe, tumbi a gaba, Baron a kan matashi mai tuntu huɗu a hannunsa. Yakan tsaya daidai ƙofar shagon Gualtiero, inda ya san mutane na zaune ba su da hanyar gudu.

"Jama'a, ku duba da kyau, kallo kyauta ne! Wannan ba kare ba ne, tarihi ne. Kakanninsa sarakuna ke aika wa sarakuna. Ƙafar da ta fito daga fada ba za ta taka kashin tantabara ba muddin ina numfashi. Kun ga farin nan? Ba sabulu ba ne, jini ne. Asali ba ya buƙatar mataji."

Nives na bayansa riƙe da jakarta. Ita ta san inda farin yake fitowa. Kullum da sassafe, Shugaba na can yana minshari, take ɗora Pallino a kan teburin kicin ta taje shi tun daga fata, gashi kaɗan-kaɗan, bayan kunne, hammata, ƙasan wutsiya, wuraren da ke saurin cukuikuyewa. Ta goge masa ƙasan ido da auduga da ruwan ɗumi, don hawayen irinsu in ya kwana yana rina gashi ja. Ta wanke masa haƙora da ɗan buroshi, don bakin ƙarami ne, haƙoran a cunkushe. Ta auna masa abinci da cokali. Sannan ta sa masa igiya su zaga bayan coci, ya taka ƙasa, ya shaƙi abin da yake so, har kashin tantabarar ma bai tsira ba. Kafin Shugaba ya farka an goge tafin ƙafa an mayar da tarihi kan matashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba don ƙungiya take yi ba. 'Ya'yanta biyu sun tafi Torino da aiki, gida ya yi faɗi, mijin kuma in yana magana ba ya barin ƙofa ko ta numfashi. Pallino ne kaɗai a gidan nan ake gaya masa magana ya saurara har ƙarshe. Tana son karen nan so na gaske, kuma tana da fargaba ɗaya. Bara Likita Ilde, likitar dabbobin garin, ta taɓa ƙafarsa ta baya ta hagu ta ce ƙoƙon gwiwar yana da sako-sako, wai yawancin ƙanana haka suke. Ta ce kada ya yi ƙiba, kada ya riƙa dirowa daga sama, a bar shi ya yi tafiya don ƙafar ta yi ƙwari. In aka yi sake, sai an yi masa aiki, kuma ba kowane ke komawa daidai ba. Nives ta gaya wa mijinta. Ya ce likitar dabbobi shanu ta sani.

To, kowa ya san ran sha bakwai ga Janairu, ranar Waliyyi Antoniyo, ake jero dabbobi zuwa ƙofar coci Fada ya yayyafa musu ruwan albarka. Tun muna yara jakin gidan Oreste manomi ke shigewa gaba. Wannan abu ya daɗe yana ci wa Shugaba tuwo a ƙwarya. Ya rubuta wa Fada Aristide wasiƙa goma sha ɗaya, kowacce da kan sarki a miƙe sambal, kowacce kuma da kansa ya kai, don cocin tsallaken titi ne daga gidansa. A ta goma sha ɗaya ya tarar da Fada ya zauna cin abincin rana.

"Na ji, Shugaba, na ji. Baron ya shige gaba bana. Ni dai a bar ni in ci taliyata da zafinta."

Ran nan har Gualtiero sai da aka sa ya tashi tsaye ya yi tafi.

Ana haka, farkon Disamba, Nives ta zame a kan ƙanƙara a bakin ƙofa, ta karye a wuyan hannun dama. Aka ɗaure da filasta. Da ta dawo gida, ciwon bai dame ta kamar tunanin mataji ba. Ta zauna ta rubuta da hannun hagu, layi tara a karkace, abin da za a yi wa kare kullum, ta miƙa wa mijinta. Ya riƙe takardar da yatsa biyu, ya duba ta sama da tabarau.

"Nives, Nives. Ke memba ce, ni Shugaba ne. Tun yaushe memba ke ba Shugaba umarni? Ki huta. Daga yau Baron ya dawo ƙarƙashin ofishina kai tsaye. Za ki ga abin da ilimi ke yi."

Ya ƙwace mataji ya kulle a aljihun tebur. Ya kwashe kwandon Pallino daga kicin ya kai ɗakin da yake kira ofis.

Kai, ilimi ya yi aiki! Abu na farko da Shugaba ya soke shi ne awon abinci. Ya ce jinin sarauta ba ya cin abin da aka auna da cokali kamar magani. Da safe yankan naman gwanjo-gwanjo mai kitse da ake kira mortadella, da rana cuku, da yamma taliya mai nama a ciki, daga farantin Shugaba, loma ɗaya nasa loma ɗaya na Baron. Abu na biyu tafiya. An soke ta, aka shimfiɗa tsohuwar jarida a baranda. Wanke haƙori kuwa ya ce cin mutunci ne, ina aka taɓa ganin an cusa wa basarake yatsa a baki.

Sai wanka. Nives takan yi masa sau ɗaya a wata, kuma sai ta taje shi tsaf tukuna, don kowace mace da ta taɓa wanke rigar ulu ta san abin da ruwa ke yi wa ƙulli. Shugaba ya mayar da shi duk bayan kwana biyu, da sabulunsa na aski mai ƙamshi, babu taza. In ya gama ya murje shi da tawul kamar mai goge tukunya, sannan ya bi saman gashin da buroshin hularsa har ya tashi. Daga nesa kyau kamar me. A ƙasa kuwa ƙulli na auren ƙulli.

"Ermete, sa yatsa ka ji bayan kunnensa," in ji Nives daga bakin ƙofa. "Ya zama tabarma."

"Kauri ne. Gashi ne ke ƙara kauri. Hassada ba ta da kyau ga mai jinya."

Da ƙasan idon ya fara ja, Shugaba bai ruɗe ba. Babban mutum ba ya rasa dabara. Ya ɗauko hodar matarsa ya shafe wurin. Da hoda ta ƙare ya koma garin fulawa. Pallino ya yi ta atishawa, Shugaba ya ce alamar lafiyar huhu ce. Kullum da hantsi kuma yakan kulle shi a ofis ya tafi shagon Gualtiero rubuta jawabin da zai yi ranar biki, wanda ya kai shafi tara. Karen da ba ya jure kaɗaici ya yi ta kuka siriri, Nives na zaune a ƙasa a wannan gefen ƙofar tana yi masa magana ta kafar makulli. Abin ya ƙona mata rai ƙwarai. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta daina dafa masa abinci kwana biyu. Ya koma ci a waje, ya riƙa dawo wa Baron da ragowa a takarda.

A dandali kuma matashi ya fara nauyi. Aka ga Shugaba na sauya hannu, yana haki kafin ya kai shagon kofi. Gualtiero ya leƙo, ya matso zai shafa kan Baron, kare ya yi hamma, Gualtiero ya ja da baya taku uku.

"Ranka ya daɗe, Baron ya ci wani abu da ya mutu ne?"

"Wannan ƙamshin cuku ne mai shekara uku. Ba kowane hanci ke gane shi ba."

Saura kwana biyu biki aka cire wa Nives filasta. Ta dawo daga asibiti ta tarar da ƙofar ofis a buɗe, Shugaba ya ɗora kare a kan tebur yana gwada masa jawabi. Yana cikin shafi na huɗu. Pallino ya hango ta, ya manta da tarihi, ya manta da kakanni, ya diro daga tebur. Ya yi ƙara ɗaya, ya taho wajenta da ƙafa uku, ta hagun a rataye.

Ta sunkuce shi ta cusa cikin rigar sanyinta ta fice. Shugaba ya biyo ta da takardu a hannu yana cewa ba a tashi taro ba.

Likita Ilde mace ce da ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ta ɗora kare a sikeli, ta dubi Nives, ta sake duban sikeli. Kilo huɗu da rabi. Ta miƙar da ƙafar a hankali har ƙoƙon ya koma wurinsa, Pallino ya sauke ta ƙasa yana ɗingishi. Ta buɗe bakinsa ta rufe da sauri. Sannan ta cusa yatsa cikin gashi, yatsa ya ƙi shiga.

"Wa ya yi wa karen nan wanka bai taje shi ba?"

Shugaba ya gyara maɗauri. "Ni ne na jagoranci aikin."

"Ai na gani. Fatar ba ta shan iska, duk ta yi ja. Babu matajin da zai warware wannan sai dai a kashe shi da azaba. Aski za a yi."

"Aski? Malama, kin san da wa kike magana? Ba a aske ɗan Bolonya! Gashinsa ne martabarsa! Jibi-jibin nan zai shige gaban gari!"

"To ka kai ni ƙara ƙungiya," in ji ta, ta kunna inji.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Gashin ya sauka gaba ɗaya, faifai guda, kamar an tuɓe masa bargo. Abin da ya rage a kan tebur ɗan halitta ne ruwan hoda, tumbi tuɓus, ƙafafu kamar tsinken tsire, kai babba da idanu biyu. Ya girgiza jiki, ya ji iska a fatarsa karo na farko cikin sati biyar, ya hau kaɗa wutsiya. Shugaba ya nemi kujera ya zauna.

"Wannan ba Baron ba ne," ya ce a hankali.

"Shi ne," in ji Likita Ilde. "Kai ma ga naka tumbin, ba a rasa gane ku ba. Ki saurara, Nives. An tsira wannan karon, da ƙyar. Abinci da awo. Babu tsalle. Tafiya a hankali a shimfiɗaɗɗen wuri, safe da yamma, da ƙafarsa, ba a hannu ba. In ya rage kilo ɗaya kafin bazara, ba sai na taɓa gwiwar ba. In aka koma matashi, to za a dawo min da shi a tarar da wuƙa a hannuna. Kuma a sa masa riga, Janairu ne, tsirara yake."

A gida Shugaba ya shiga ofis ya kulle, ya fitar da sanarwa ta ƙarƙashin ƙofa cewa bisa dalilai na fasaha Baron ba zai halarci biki ba, amma Shugaba zai wakilce shi, ɗauke da matashin. Nives ta karanta, ta sa takardar a ƙasan tukunya. Pallino na cinyarta yana rawar sanyi. Ta duba gidan kaf tana neman ƙyalle mai kauri da laushi wanda ba zai ci masa fata ba. Idonta ya faɗa kan abin da ke rataye a bayan ƙofa. Ta ɗauko almakashi. Hannun bai gama warwarewa ba, ɗinkin ya karkace, amma ya riƙe.

Ranar biki Shugaba ya tashi ya nemi maɗauri ƙasa da sama. Ya duba ƙarƙashin gado, ya zargi mai wanki, ya zargi 'yan adawa. Ƙararrawar coci ta kaɗa, dole ya fita haka nan, kafaɗa tsirara, matashi babu kowa a kai, jawabi a aljihu. Dandali ya cika maƙil: dawakai, kyanwoyi a kwando, kaji, wata yarinya da kifi a kwalba, jakin Oreste a gefe yana tauna abin da ba nasa ba. Shugaba ya kutsa ya tsaya a gaba.

Sai aka ji ihu daga bakin titi. "Ga Shugaba nan! A ba Shugaba hanya!"

Ermete ya ji daɗi har cikin ransa. Ya cire hula, ya rusuna dama, ya rusuna hagu. A rusunawa ta uku ne ya lura babu mai kallonsa. Kowa ƙasa yake kallo. Jama'a suka dare biyu, sai ga Nives riƙe da igiya, ga Pallino a gabanta yana tafe da ƙafarsa, kai sama, wutsiya na kaɗawa, sanye da riga ta jan karammiski. A gadon bayansa, daga wuya zuwa gindi, da zaren zinare, an rubuta Shugaba.

Dandali ya ɓarke. Gualtiero ya yi dariya har ya kama sandar fitila. Oreste ya cire hula ya ce wa jakinsa ya gaida manya. Ermete ya laluba aljihu, don mutum irinsa in ƙasa ta tsage ma jawabi zai yi kafin ya faɗa.

"Jama'ar Borgofosco! A wannan rana mai tarihi, a madadin kakannin..."

Jaki ya ɗaga kai ya saki kuka. Ya yi mai tsawo, ya huta, ya ƙara. Karnuka suka amsa, kaji suka shiga. Fada Aristide bai jira shafi na biyu ba, ya tsoma abin yayyafi a ruwa ya fara da na gaba. Pallino ya yi atishawa. Da ya zo kan Ermete, Fada ya dubi matashin da babu kowa a kai, ya dubi mai riƙe da shi, ya yayyafa masa sau biyu.

"Kai ma ba za ka rasa buƙata ba, ɗana."

Girman kai rawanin tsiya, amma a yi wa mutumin adalci: kafin rana ta faɗi ya samo bayani. Ya shaida wa masu shan kofi cewa shi ya tsara komai, wai sabon salo ne na kusantar da sarauta ga talakawa. Nives ta ji, ta ce madalla, tun da tsarinsa ne, hannunta bai gama warkewa ba, igiya ta koma hannunsa. Mataji da cokalin awo kuwa sun dawo kicin, kuma ta sa wa aljihun nata makulli.

Kafin bazara kilo ɗayan ya tafi, gashi ya dawo fari fat, Likita Ilde ta taɓa gwiwa ta ce a je a ci gaba. Nives ta fito daga wurinta tana share ido, ta saya wa kanta fure a hanya. Rigar dai ba a daina sa ta ba in da sanyi, don gari ya ƙi yarda.

Yanzu in ka fito da safe za ka gan su bayan coci. Ƙaramin na gaba yana zaɓar hanya, babban na baya yana haki, da 'yar leda a aljihu, don dokar gari ta ce abin da kare ya ajiye mai shi ke kwashewa. In Pallino ya tsaya, Ermete ya tsaya. In ya gama, Ermete ya durƙusa. Masu wucewa kan taɓa hula su dubi ƙasa su ce, "Barka da asuba, Shugaba."

Har yau Ermete ne ke amsawa.